Yadda Ake Zama Masanin Farashin Fetur a Dakalin Unguwa

Ka ganta. Kada ka ce mini ba ka ganta ba. Wata huɗu ke nan Malama Sa'ida ta gidan Malam Ɗalha tana fitowa daga Soron Ɗinki da ƙafa, ƙarfe shida da rabi na safe, jakar littattafan ɗalibai a kafaɗa, ta ratsa Gwale har ta fita Ƙofar Kabuga, sannan ta hau adaidaita zuwa firamaren da take koyarwa. Da can daga bakin layi take hawa. Yanzu rabin hanya kawai albashinta yake iya kai ta. Ta wuce ta gabanka, ta gaishe ka, ka amsa, ka mai da kunne ga rediyonka.

Ban zo in kunyata ka ba, taimako na kawo. Na lura kau da kai yana wahalar da mutum in ba shi da abin da zai riƙa faɗa. Shi ya sa na tsara maka hanyar zama masanin farashin fetur a dakalin unguwarku. Shekara biyu na yi ina koyon ta a majalisar Alhaji Mailafiya, dattijon layinmu mai sayar da yadi, wanda ba a taɓa kayar da shi a wannan fanni ba. Na yi maka alƙawari, in ka bi matakan nan, cikin mako guda za a fara matsa maka wuri a kan tabarma. Kuma ba sai ka san komai ba.

Mataki na ɗaya: Ka samu ƙasar da za ka riƙa kafa hujja da ita

Wadda ta fi kyau ita ce Saudiyya, domin a garin nan ba a musu da wanda ya dawo daga can. Alhaji Mailafiya ya je sau bakwai. Da an ambaci fetur sai ya gyara zaman hula ya ce, "Ni da idona na gani a Jidda. Ka cika tanki, canjin da za a ba ka ya ishe ka shinkafa da kaza."

Bai taɓa tuƙi a can ba. A motar alhazai yake, kusa da taga. Wannan ba matsala ba ce, taga ma makaranta ce.

In ba ka taɓa fita ba, ka ari ƙasar wani. "Ƙanin matata yana Libiya" ya wadatar. Abin da kawai za ka kiyaye shi ne kada ka bari a tuna maka cewa man da Saudiyya ke haƙowa ya ninka namu sau da yawa, alhali mutanenta ba su kai kwatan namu ba. Masani ba ya raba tuwo da yawan masu ci. Girman tukunya kawai yake faɗa.

Mataki na biyu: Kada ka yarda a buɗe maka cikin lita

Nan ne babban haɗarin. Akwai masu karambani da za su ce maka kuɗin litar fetur ba abu ɗaya ba ne, tari ne. Akwai kuɗin ɗanyen mai, wanda kasuwar duniya ke yanka wa farashi da dala, kusan ɗaya ga kowa. Akwai kuɗin tacewa. Akwai na dako, shi ya sa na Kano yakan fi na Legas tsada, tunda sai tanka ta kwana a hanya kafin ta iso mana. Akwai ribar mai gidan mai. In naira ta faɗi a gaban dala, duk waɗannan su tashi tare. Sannan a ƙarshe gwamnati ta sa hannu: ko ta ɗora wani abu a kai, a kira shi haraji, ko ta ɗauke wani abu ta biya daga baitulmali, a kira shi tallafi. Wannan hannu na ƙarshe shi ne ya fi komai raba farashin wata ƙasa da na wata.

Ka ga yadda abin ya yi sauƙi? Shi ya sa nake yi maka gargaɗi. Abin da za a iya fahimta a zama ɗaya ba ya jawo wa mutum girma a majalisa. In wani ya fara wannan bayani, ka katse shi da, "Kai dai bari, akwai abin da ba sa gaya mana," sannan ka ƙura wa nesa ido.

Mataki na uku: Ka haramta ambaton Norway

Ɗayyabu mai adaidaita, wanda yakan ajiye kekensa ya zauna da mu bayan la'asar, shi ya taɓa kawo wannan fitina. Wani malamin jami'a da ya ɗauko daga Kabuga ne ya zuba masa ita a hanya.

Ya ce, "Alhaji, wai akwai wata ƙasa Norway. Suna haƙo mai kamar mu, amma litarsu tana cikin mafi tsada a duniya."

Alhaji ya ce, "To wa ya cuce su?"

"Wai su suka ɗora wa kansu. Haraji ne. Wai a ƙasashen Turai da yawa, kusan rabin abin da ka biya a gidan mai na gwamnati ne."

"Kuma suna biya?"

"Suna biya, suna ƙunƙuni kamar mu. Sai dai wai in ya yi maka tsada, ka ajiye motarka ka hau bas ko jirgin ƙasa. Yana nan, kuma yana zuwa a kan lokaci."

Alhaji ya ja carbi. Can ya ce, "Ɗayyabu, tsakaninka da Allah, ka taɓa jin wani ya dawo daga Norway aka je yi masa sannu da zuwa?"

Aka yi dariya, magana ta mutu. Ka koyi wannan dabara da kyau: ƙasar da ba a kawo tsarabar dabino daga cikinta ba ta shiga hujja. Domin in ka bar Norway ta zauna a kan tabarma, wani zai gane cewa tsada iri biyu ce. Akwai wadda kuɗinka ke fita ya dawo maka ta wata ƙofa, ya zama bas, ya zama titi, ya zama magani a asibiti. Akwai wadda in ya fita, shi ke nan. Daga nan kuma sai a fara tambayar wace iri ce tamu, kai kuwa ba don haka ka zo ba.

Mataki na huɗu: Ka yi kukan tallafi, amma kada ka tambayi wa ya fi sha

Ka ce, "Da can gwamnati kyauta take yi mana." Kada ka tuna cewa abin da aka rage maka a gidan mai daga asusun da ake gyara aji da asibiti aka ɗebo shi. Da aljihunka na hagu aka riƙa yi wa na dama alheri, kana godiya.

Gaskiya ne Malama Sa'ida ta samu ɗan rabonta a kuɗin adaidaita, shi ya sa cirewar ta fi yi mata ciwo fiye da kowa a layinmu. Amma mai motoci uku da janareto biyu rabonsa ya ninka nata ba adadi. Ga kuma jarkokin da suka riƙa tsallaka iyaka ta ɓarauniyar hanya, saboda a can fetur ya fi tsada. Mun yi shekaru muna tallafa wa baburan Maraɗi, su ba su ma san ya kamata su yi mana godiya ba.

Duk wannan ka bar shi a ciki. Ka yi tsaki kawai. Tsaki mai kyau yana daidai da digiri guda.

Mataki na biyar: In mace ta yi tambaya, ka sa mata albarka

Talatar makon jiya Malama Sa'ida ta dawo bayan la'asar, takalminta ya cinye daga gefe ɗaya. Maimakon ta wuce, sai ta tsaya ta rusuna.

Ta ce, "Baba, sannunku da hutawa. Ina da tambaya in an ba ni dama."

Alhaji ya ce, "'Yar Malam, faɗi mana."

"Kullum in na wuce maganar Saudiyya nake ji. Su nasu da arha, gwamnati ce ta ɗauke musu. Na Turai da tsada, amma an ba su abin hawa. Mu an cire tallafi, an ce kuɗin da ake raba wa jihohi da ƙananan hukumomi ya ƙaru. To ina namu kason ya tsaya? Ni ba arha nake nema ba, Baba. Bas ɗaya nake nema da zai tashi daga cikin gari ƙarfe bakwai ya fita ta Kabuga, a kuɗin da malamin firamare zai iya biya."

"Allah ya yi miki albarka. Lallai kin yi karatu."

"Amin, Baba. Amma na rubuta takardar ajiye aiki, tana cikin jakar nan. Na ji an kira taron jin ra'ayin jama'a kan kasafin kuɗi, Asabar biyu a jere. In an yi tambayar nan a can, aka rubuta ta, zan jure in ga ƙarshen shekara. In an tashi ba wanda ya yi ta, Litinin ɗin da ta biyo baya zan miƙa takardar. Yara sittin da biyu ne a ajin, kuma ni kaɗai ce."

"A'a, a dai ƙara haƙuri. Ki gaida Malam."

Ka ga gwaninta? Ba a musu da albarka. Dole ta ce amin, kuma da ta ce amin zance ya ƙare.

Mataki na shida: In an ba unguwa minti uku, ka tura wanda ya fi kowa girma

Wannan ne ƙololuwar fannin. A taron kowace unguwa minti uku aka ba ta. Mai unguwa ya ce majalisarmu ta fitar da wanda zai yi magana. Ba a ma yi shawara ba, kowa ya kalli Alhaji Mailafiya, domin a wajenmu ba a miƙewa a gaban hukuma alhali babba yana zaune. Kai ma ka gyaɗa kai, ina kallon ka.

Asabar da ta wuce Alhaji ya sha babbar riga, aka miƙa masa makirufo. Ya yi sallama, ya yi salati. Ya gaida shugaban taro, ya tambayi iyali. Ya gaida wakilin hakimi, ya ce a isar da gaisuwarsa. Ya gaida malamai ɗaya bayan ɗaya, ya gaida 'yan jarida, ya roƙa wa magabata gafara, ya roƙa wa ƙasa zaman lafiya da damina mai albarka. Wallahi ban taɓa jin gaisuwa mai kyau kamar wannan ba. Mai gabatarwa ya ɗaga masa hannu, saura rabin minti.

Alhaji ya ce, "Roƙonmu ɗaya ne. A rage mana kuɗin mai, ya dawo kamar na Saudiyya."

Aka tafa. Jami'in da ke rubutu ya amsa cikin ladabi cewa ba a wannan zaure ake yanka farashin fetur ba, ya tambaya ko unguwar tana da buƙatar da ta shafi kasafin. Kafin a amsa, lokaci ya cika. Mutanen wata unguwa sun nemi kwalbati, an rubuta. Wasu sun nemi rufin aji biyu, an rubuta. Mu kuwa, da na leƙa takardar, abin da ke gaban sunan unguwarmu shi ne gaisuwa da fatan alheri.

Malama Sa'ida tana can baya a ɓangaren mata, da tambayarta a rubuce. Ta ninke ta, ta sa a jaka kusa da ɗaya takardar.

A hanyar dawowa, da muka iso bakin layi, Alhaji ya tsaya. Sannan ya ce, "Na ga kamar ban faɗi ta yarinyar nan ba, ko?"

Ka tuna wanda ya fara cewa, "A'a Alhaji, ai ka yi ƙoƙari"? Ni na tuna.

Mataki na bakwai: Ka rufe da "sai addu'a"

Ka faɗe ta kana neman takalmanka. Addu'a gaskiya ce, ba mai jayayya. Amma kai ba don ka yi ta za ka ambace ta ba, don a tashi ne.

Sanarwa

Wanda ya tsara waɗannan matakai ba shi da alhakin abin da zai biyo bayan amfani da su. In an matsa maka wuri a kan tabarma, kai ka samu. In ranar Litinin yara sittin da biyu suka zauna suna kallon allon da ba kowa a gabansa, kada a zo ƙofar gidanmu. In shekara ta zagayo kana nan kana ba da labarin farashin Jidda ga mutanen da suka iso dakalin da ƙafa, ni ban san ka ba.

Amma Asabar ɗaya ta rage, kuma har yanzu unguwarmu tana da minti uku a zama na biyu. Alhaji Mailafiya ba mugu ba ne. Ya riga ya yi tambayar da kansa a bakin layi, mu ne muka rufe masa baki da yabo. Jira yake wani ya faɗa masa.

Saboda haka yau bayan la'asar ka je dakali. Ka gaida Alhaji yadda ya dace, ka tambayi iyali, ka ɗauki duk lokacin da kake so, tunda a nan ba mai ɗaga maka hannu. In ka gama, ka ce a gaban kowa, da muryar da Ɗayyabu zai ji daga cikin kekensa, a ba Malama Sa'ida mintuna ukun. Ranar Asabar ƙarfe goma ka zo zauren, ka zauna inda za ka ga hannun mai rubutu, kuma kada ka tashi sai ka ga ya rubuta bas.