Mai Hatimi da Shagon Askina

"...shi ya sa kullum nake cewa ƙasa ba ta ci gaba sai da tsari," in ji Mai Hatimi, yana shafa tumbi. "Kana ji na, samari?"

"Ina ji, ranka ya daɗe."

Ai kuwa ina ji. Wata uku ke nan ba ni da sana'a sai ji.

Mai Hatimi bawan Allah ne mai kishin matasa. Duk ofishin ba da izinin kasuwanci babu mai son mu kamarsa, shi ya sa ba ya so mu yi nisa da teburinsa. Ni shagon aski nake son buɗewa. Kawuna ya ba ni aron ɗaki a bakin titi, ya ce in wata uku suka cika ban buɗe ba, mai gyaran waya zai ba. Yau suke cika.

Ba a ba da izinin shago sai da hoton allon suna a kafe. Ba a kafa allo sai da izinin allo. Izinin allo kuma sai da lambar izinin shago. Ran da ya warware mini wannan har godiya na yi, don ban taɓa jin bayani mai tsafta irinsa ba.

A bencin jira na yi suna. Sababbin zuwa Ƙaramin Oga suke ce mini, ina nuna musu inda ake sa hannu, ina hura hanci. Ga ilimin takarda fal ciki, injin askina kuwa ko kwalinsa ban yage ba.

"Ranka ya daɗe, yau kawuna zai karɓe ɗakin."

"Madalla. Sai ka cike takardar sauya adireshi. Sauri ya haifi nawa." Ya duba agogo. "Riƙo mini jaka, aski zan je."

Na bi shi zuwa bayan ofis. Gindin bishiya ne, da kujera ɗaya da benci da madubi rataye a ƙusa. Babu allo, babu hatimi, mutane sun yi layi.

Mai askin ya dube ni. "Ɗan'uwa, hannunka ya iya? Aiki ya yi mini yawa, ga Oga ba ya son jira."

Na dubi Mai Hatimi. Har ya cire hula ya zauna.

"Ka rage gefe kawai," ya ce, ya lumshe ido.

Na ajiye jakar a kan takarduna, na nufi inda almakashi yake.