Takalmin Kanti a Hanyar Anacha

Ba zan taɓa mantawa da ranar da ƙafafuna suka yashe ni a gaban dattawan Anacha ba. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina akawu a Inugu, na sayi babur, kai ya kumbura.

Aminina Garba zai yi aure a Anacha, aka damƙa mini goron ɗaurin aure. Na sayo takalmi sau-ciki a kanti, yana ɗan matsa ni, amma yana ƙyalli. Na kai wa Baba Sale, badukun unguwarmu ta Kol Kam, ya goge mini. Dattijo ne mai ƙarancin magana, wanda ya kan dubi tafiyar mutum ya san inda takalmi ke cizonsa.

Ya juya takalmin ya ce, "Ɗana, da wannan za ka hau babur har Anacha?"

Na ce, "Da shi, Baba."

"Ƙarfe na kaɗawa, ƙafa na kumbura. Kawo in naɗe maka matakan babur ɗin da tsohuwar roba. Ka sa takalmi fade, in ka kai garin Oka ka sauka ka taka ƙasa."

Na yi godiya a baki. (A zuci cewa na yi: wanda bai taɓa hawa ko keke ba.) Shi ma an gayyace shi ɗaurin auren, ya bi mota tun da safe, ni na bi bayansa.

Kafin Oka yatsuna sun fara zugi, ban tsaya ba. Can gaba zugin ya ɗauke, har na yi murna. Ashe sagewa suka yi.

Na iso ƙofar gidan ɗaurin auren, dattawa jere kan tabarmi, ni kaɗai ake jira. Na taka birki cikin isa, na sauke ƙafa. Babu ƙafa. Na tafi luu, babur ya bi ni, huhun goro ya fashe, goro ya gangara har gaban liman. Wata Inyamura maƙwabciya ta ce, "Oga, sori o." Na yunƙura, na koma. Takalmin ma ya ƙi fita.

Baba Sale ne ya taso. Bai yi dariya ba, bai ce ai na faɗa maka ba. Ya dubi jama'a ya ce, "Yaron nan bai tsaya ko shan ruwa ba don kada ya makarar da ku." Ya zaro wuƙarsa ya farke ɗinkin a hankali yadda zai gyaru, ya sa aka kawo ruwan ɗumi da gishiri. Haka aka shafa fatiha, ina zaune ƙafa cikin kwano.

Kafin la'asar ya naɗe matakan da roba, ya ara mini fadensa. Na mayar da shi Inugu a bayana, mun tsaya sau uku, ƙafata lafiya lau.

Tun daga ranar, in dattijo ya yi magana kan sana'arsa, bakina a rufe. Kunyar da na sha ta ishe ni har jikoki.