Ƙugiyar da Ba Ta Son Fizga

A wani daji da itatuwansa suka zo suka tsaya cak a bakin ruwan gishiri, an yi wani karen ruwa mai suna Barmo, wanda ya tsufa a cikin jirgi har gashin bakinsa ya yi fari. Ba mai yawan magana ba ne. In ana taro, can baya yake zama yana gyaran igiya, yana saurare, har a watse.

Dabbobin wannan daji masunta ne, kuma babban kifinsu shi ne giwan dutse. Kifi ne mai faɗin baki, ya kai ɗan maraƙi nauyi, yana zaune a ramukan duwatsun ƙarƙashin teku, ba ya fitowa kiwo sai dare ya raba. Mai son sa sai ya tashi da la'asar, ya yi tuƙi har ƙasa ta ɓace masa, ya kwana a kan ruwa.

Suna da Majalisar Masunta, Kada ne Sarkin Ruwa, Zalɓe kuma magatakarda. Dokokinta suna da yawa, amma biyu ne suka hana Barmo barci. Ta farko ta ce jirgin da ya kwana uku a jere a teku ya dawo fayau, a karɓe shi a ba wani. Ta biyu ta ce in kifi ya taɓa koto, babu mai fizgar igiya sai Sarkin Fizga, kuma kifin da ba a fizga ba, ba ya cikin ƙirga. Asalin sarautar, da can masunta sukan yi faɗa a tsakiyar ruwa kan wanda zai fizga, har jirgi ya kife. Sai aka naɗa mai fizga guda. Yanzu gwaggon biri ne ke riƙe da ita, Gagare sunansa, ƙaƙƙarfa, bai iya iyo ba, kuma kan kowane kifi nasa ne.

Tsohuwar ƙugiya miƙaƙƙiya ce, dole sai an fizga take kamawa. Sau da yawa kifin ya haɗiye ta har ciki, igiya ta yi ta goga da haƙoransa ta tsinke, ya koma rami ya mutu babu mai ci. Ana haka wata kififiya mai yawon teku ta sauka a garin da wata irin ƙugiya kamar zobe, tsininta ya lanƙwaso ciki yana kallon jikinta. Ta yi wa majalisa bayani, ta ce wannan ba a fizgar ta. A bar kifi ya haɗiya, ya juya zai koma raminsa, igiya ta miƙe a hankali, ƙugiyar za ta zamo daga maƙogwaro ta maƙale a gefen baki da kanta. In aka fizga, sai ta fito sumul.

Barmo ya ji duka. Majalisa kuwa rabin farko ta ji, domin a rabi na biyu ana gardamar ko baƙuwa ta cancanci tabarma ko buzu. Aka amince a gwada ƙugiyar a jirgin Barmo, ba tare da an taɓa wata doka ba.

Dare na farko kifi ya taɓa, Gagare ya yi kururuwa ya fizga, ƙugiya ta fito da kotonta. Dare na biyu ma haka, sau huɗu.

Ranar da za a fita na uku, Barmo ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya miƙe a majalisa.

"Allah ya ja zamanin Sarki, ba ƙara na kawo ba, roƙo ne. Jirgin nan ni na sare icensa, ni na fafe shi, shekara ashirin da shida ke nan. Saura mini dare ɗaya. A yi mini izini, yau kaɗai, in kifi ya taɓa a ƙyale shi."

"A ƙyale shi ya yi me?" in ji Kada.

"Ya kama kansa, ranka ya daɗe."

Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Gagare ya miƙe ya gyara tsayuwa.

"Jama'a, ku ji mini tsohon nan. Kakana ya fizga, ubana ya fizga har kafaɗarsa ta goce, ni ma ga hannuna, duk kanta ce. Yau a ce kifi zai kama kansa? To in kifi yana kama kansa, mu kuma me muke yi a jirgi, shan iska? Gobe sai a ce jirgi ma zai tuƙa kansa, majalisa ta zauna da kanta ba Sarki. Ni ba don kan kifi nake magana ba, Allah ya sani. Tsari nake karewa. Dare biyun nan da aka rasa, ni na san dalili, koton ne ya kwana. Amma ban faɗa ba, don ba na son tozarta dattijo."

Zalɓe ya miƙa wuya ya duba takardarsa.

"Ranka ya daɗe, roƙon yana da matsala ta tsari. Majalisa tana iya ba da izinin a yi abu, tana iya hana a yi abu. Amma izinin kada a yi komai, ban ga gurbin rubuta shi ba."

Kada ya yi hamma, ya ce a bi doka, Allah ya ba da sa'a. Barmo ya ce ya gode, ya naɗe igiyarsa.

Su uku suka fita: Barmo a tuƙi, Gagare a tsakiya bisa matashi, sai Tasalla, tsohuwar ƙaguwa mai yanka koto da kwarfe ruwa, wadda ta yi shekara goma sha tara a jirgin tana zagin mai shi. Rana ta faɗi suna tafiya. Da suka kai kan duwatsu, Barmo ya saki dutsen tsayar da jirgi, ya zazzage ƙugiyoyinsa a tafin hannu yana juya su. Ya ajiye ƙanana, ya ɗauki babba, ya gwada tazarar tsininta da yatsa, domin leɓen giwan dutse kauri gare shi, ƙaramar zobe ba ta zagaye shi. Tasalla ta soka rabin kifi ta hanci, ta bar tsinin a waje.

"Ko ka zaɓi ta zinariya, tsoho," ta ce, "hannun da zai ɓata ta yana nan bisa matashi."

"Me kika ce?" in ji Gagare.

"Cewa na yi Allah ya ƙara wa hannu albarka, ranka ya daɗe."

Nauyin dalmar da ke ɗaure a igiya ya ja ta ƙasa har ta taɓa dutse. Gagare ya karɓa ya naɗe ta sau uku a wuyan hannunsa, don kada wani ya riga shi. Aka zauna.

Zaman jiran giwan dutse zama ne mai cin rai. Babu abin gani sai baƙin ruwa, babu abin ji sai ƙarar katako. Sanyi ya shiga gwiwoyin Barmo. Ya tuna bai taɓa tunanin abin da zai yi da safiya ba in babu jirgi, ya gwada tunanin, ya ga ba ya zuwa ko'ina, ya bari.

Can iska ta juya, raƙuman ruwa suka fara ɗaga jirgin suna saukewa. Dare biyun baya ruwa kwance yake, yau ne Gagare ya san teku. Da farko ya daina labarin kakansa. Sannan ya leƙa gefe ya mayar da abincin rana, ya bi da na safe.

"Barmo, ka tsayar da abin nan."

"A tsaye yake, ranka ya daɗe."

"Sannu, Sarki," in ji Tasalla. "Ka ɗan kishingiɗa, in ya taɓa ai za ka ji a jikinka."

Ya kishingiɗa. Ba a jima ba jiri da gajiya suka kai shi inda ba ya jin kira.

Taurarin da Barmo ke auna dare da su sun karkata sosai lokacin da igiyar ta motsa. Taɓi ɗaya, ƙarami. Sai shiru. Sai wani taɓin. Barmo ya dubi igiyar, ya dubi Gagare. Shekara ashirin da shida bai taɓa karya doka ba, ko ta wurin ɗaure jirgi. Ya miƙa hannu zai taɓa kafaɗar Sarkin Fizga.

Tasalla ta buɗe ƙahon hannunta dab da jelarsa.

"Wallahi ka tashe shi, ka koma gida guntu."

"Doka ta ce..."

"Doka ta ce kada ka fizga. To kar ka fizga. Zauna."

Ya zauna. Igiyar ta fara tafiya a hankali, tana zamewa bisa bakin jirgi kamar ana jan ta da ladabi. Barmo ya tura hannuwansa ƙarƙashin cinyoyinsa don kada su kama. Igiya ta miƙe, ta ƙara miƙewa, ta yi tauri har ruwa na tsattsafowa daga jikinta.

Sai kifin ya ji ƙarfe a leɓensa, ya nufi rami da dukkan ƙarfinsa.

Gagare ya tashi daga matashi ba da niyyarsa ba. Hannu ya fara tafiya, kafaɗa ta bi, kai ya shiga ruwa har wuya. Tasalla ta damƙe ƙafarsa, Barmo ya faɗa kan igiyar ya tokare da bakin jirgi. Abin da ya sani shi ne in kifin ya kai rami ya buɗe ƙayoyinsa a ciki, ko giwar tudu ba ta fito da shi. Ya ja taki ɗaya, kifi ya karɓe rabi. Ya sake ja. Gagare ya fito da kai yana tari yana tambaya, "Na fizga? Na fizga?" Barmo ya ci gaba da ja.

Sai da gabas ta yi fari suka ga cikin kifin ya juyo sama. Ƙugiyar tana nan a gefen bakinsa, ta zagaye leɓe kamar ɗan kunne.

A hanyar komawa Gagare ya daɗe yana duban wuyan hannunsa da ya kumbura. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Malam Barmo, me ka gani jiya?"

"Duhu ne, ranka ya daɗe."

Kafin azahar majalisa ta cika, domin ba a taɓa kawo kifi mai girman wannan ba. An shimfiɗe shi a gaban Kada, mata sun riga sun hura wuta. Amma Zalɓe ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, kafin a sa wuƙa. Ana raɗe-raɗin cewa an ga Sarkin Fizga ya sauko jirgi a jiƙe har kunne, kuma mai fizga ba ya jiƙewa. In ba a fizga ba, kifin nan ba ya cikin ƙirga. Za a ci shi, wannan ba matsala, amma daren jiya fayau ne a rubuce, kuma shi ne na uku."

Gagare ya ɓoye hannunsa a hammata. Kada ya juyo da ido ɗaya.

"Barmo, kai ba ka ƙarya, kowa ya sani. An fizga ko ba a fizga ba?"

Daga inda yake tsaye Barmo yana hango jirginsa a kan yashi, da wasu 'yan majalisa biyu da suka riga suka fara zagaya shi suna ƙwanƙwasa katakon. Ya san abin da ya gani, ya san kuma abin da garin zai samu in ya faɗe shi sarai. Ya ji gajiyar dare uku ta sauko masa gaba ɗaya.

"An fizga, ranka ya daɗe," ya ce. "Tun da nake shiga teku ban taɓa ganin fizga irin ta jiya ba."

Tasalla ta kama tari.

Zalɓe ya ɗaga alƙalami. "Wa ya..."

"Wa kuma yake fizga a dajin nan?" in ji Kada. "Rubuta."

Aka ɗauki guɗa. Gagare ya fito da hannun ya ɗaga shi sama kowa ya ga kumburin, ya ce kakansa ma sau ɗaya ya taɓa yin irinta.

Da aka ci aka ƙoshi, majalisa ta yanke hukunci. Jirgin Barmo yana hannunsa. Ƙugiya mai zobe ta ci jarrabawa, daga yau kowane jirgi da ita zai fita. Kuma tun da ya tabbata cewa ƙugiyar fizga mai tsanani take so, wadda ta fi ta dare biyun farko, za a naɗa mataimaka, kowane jirgi ya ɗauki masu fizga biyu. Zalɓe ya ƙara da cewa a lura da wahalar jirin da Sarkin Fizga ya ce ya sha, a tanadar musu maganin jiri, kada ɗayansu ya runtsa a bakin aiki. Kowa ya ce wannan tunani ne mai kyau.

Da yamma Barmo ya sauka bakin ruwa ya zauna a gefen jirginsa. Tasalla tana ciki tana kankare ɓawon kifi daga katako.

"To, tsoho, ka tsira da jirginka."

"Tsira ce ta kwana uku kawai," ya ce.

Ba ta zage shi ba. Ya tashi ya fara auna inda matashi na biyu zai shiga.

Matafiya sun ce har yau babu tekun da giwan dutse ke kai tsufa irin na wannan wuri, kuma majalisa ta kafa kwamiti ya binciko ko ruwan ne.