Barau Ya Tafi Bai Sauko Daga Rufi Ba

Da zuciya wadda baƙin ciki ya daɗe da sanin hanyarta, ni Ƙasimu ɗan marigayi Malam Sanusi tela, na Harra ta Gabas a Madina, ina sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar kaset ɗin bidiyo na gidanmu, wanda muka fi sani da Barau. Ya cika ranar Talata bayan la'asar, a cikin na'urar da ya yi rayuwarsa yana shiga yana fita. Daga ƙarshe ita ce ta tauna shi.

An haifi marigayin a shekarar 1993, lokacin da mahaifina ya sayo shi babu komai a cikinsa, ya riƙa ɗaukar wani tsohon wasan barkwanci na Turawa da ake nunawa a talbijin, hoto baƙi da fari. Ba mu jin yarensu, kuma fassarar Larabcin da ke ƙasa tana gudu fiye da idon Baba. Mahaifiyata Inna Ƙaltume ba ta karatu. Saboda haka Baba ya raɗa wa dogon mutumin mai hula suna Barau, matarsa kuma Lauratu, ya riƙa sa musu magana a baki da Hausar Kano yadda ya ga dama. Sai da na girma na zauna na bi rubutun da kaina, na gano cewa abin da Baba ke faɗa bai taɓa haɗuwa da abin da suke faɗa ba. Na Baba ya fi daɗi.

Marigayin mai haƙuri ne. An mayar da shi baya sau ba adadi, bai taɓa cewa ya gaji ba. An zuba masa shayi, ya kwana a bayan kujera, Afnan 'yata ta yi haƙora a gefensa. Bai taɓa canza magana ba: duk ranar da ka sa shi, Barau zai ɓoye agwagwa a banɗaki don kada Lauratu ta gani, kuma agwagwar za ta yi kuka a daidai lokacin da baƙi suka zauna. Zai kifa hularsa a kan ƙonannen abinci, sannan ya manta ya mayar da ita kansa. Na zauna da mutane da yawa a garin nan, kuma ban samu wanda na san abin da zai yi gobe kamar shi ba.

Akwai dariyar mutane a cikinsa, irin wadda ake ɗauka tare da wasan, hahaha, ta taso kamar ruwa ta kwanta. Wata rana na lissafa tsufan hoton, na ga cewa yawancin masu dariyar nan suna ƙasa tun tuni. Na daɗe ina tambayar kaina ko dariyar da muke yi tare da su jin ƙai ce gare su ko rashin kunya ce. Duk da haka ban daina kallo ba.

Kashi na ƙarshe shi ne wanda Inna ta fi so. Barau ya hau rufi zai gyara wani abu, Lauratu ta ɗauke tsanin ba ta sani ba, ya zame, ya rataya da hannu biyu yana wutsil-wutsil da ƙafa. A daidai nan gidan talbijin ya yanke wasan don kiran sallar magariba, kamar yadda aka saba, kuma Baba ya tashi alwala bai kashe na'urar ba. Kiran sallar ya shiga kaset ɗin gaba ɗayansa, zaren kuma ya ƙare kafin a dawo. Ba mu taɓa ganin yadda Barau ya sauko ba. Baba kan ce ya faɗa randa, wani lokaci ya ce yana can har yanzu yana jiran a sallame.

Marigayin ya bar na'urar da ta kashe shi, wadda ba mu riƙe ta a zuci ba domin ita ma ta tsufa. Ya bar kwalinsa mai rubutun hannun Baba. Ya bar Afnan, wadda ke amsa mini da Larabci a kan komai, amma ta haddace maganar Lauratu da Hausar kakanta. Sannan ya bar Inna.

Waɗanda suka san gidanmu sun san halin da Inna ke ciki tun bayan rasuwar Baba. Tana kallona kamar wani baƙo mai kirki da ya daɗe bai tafi ba. Matata Ruƙayya kuwa tana kiranta "yarinyar nan". Amma da Barau ya bayyana sai ta gyara zama ta ce, "Ga ja'irin nan." A lokacin ne kawai take yarda ta ci wani abu, Ruƙayya ta samu ta ba ta abinci cokali bayan cokali. In kiran sallar cikin kaset ya zo, sai ta nemi a ba ta buta ta yi magariba, ko da hantsi ne. Na tambayi kaina ko in hana ta, sai na ga ban san wanda zan je in ce wa na hana tsohuwa salla ba.

Ciwon ajalin ya fara ne da yayyafi a hoto. Daga nan muryar Barau ta yi nauyi, tana ja kamar ta mai zazzaɓi. A ranar Talatar, yana rataye a rufi, muka ji ƙirr, ƙirr, sai shuɗin allo. Na kai shi wurin Abdou mai gyara, mutumin Damagaram. Ya zaro zaren ya ɗaga shi a haske, duk ya tattare kamar hanjin kaza.

"Malam Ƙasimu, ma fi faida," in ji shi da Larabci, wato babu amfani. "Wannan ko likitan sarki ya gani sai dai ya yi maka gaisuwa. Ka sayi faifan sidi mana, kowa ya koma can."

Na zaga shaguna. Ban san sunan wasan na gaskiya ba, domin Baba bai taɓa ɗaukar farkonsa ba. Na riƙa kwatanta dogon mutum da agwagwa ga samari masu sayar da faifai, suna kallona kamar na sha wani abu.

Inna ta fara tambaya tun washegari: "Barau bai zo ba?" Ban iya yi mata ƙarya ba, gaskiyar ma ban iya faɗa mata ba. Ruƙayya ce ta ce mata ya tafi Khaibar sayen dabino, kuma ni na yi shiru, wanda na san bai raba ni da zunubin ba. Jiya na ɗauki tsohuwar hular Baba, na hau kujera a gabanta, na kama saman ƙofa na rataya ina wutsil-wutsil da ƙafa. Afnan ta yi muryar Lauratu daga bayana. Inna ta daɗe tana kallona. Sannan ta juya wurin Ruƙayya ta ce, "Yarinyar nan, ku taimaki bawan Allahn nan, zai ji ciwo." Ba ta karɓi cokalin abincin da Ruƙayya ta miƙa mata ba.

Game da jana'iza, an samu jinkiri saboda wata mas'ala. Ba zan jefa shi a shara ba, domin sunan Allah na cikinsa. Ba zan kai shi inda ake ajiye tsofaffin takardun Alƙur'ani ba, domin Lauratu na ciki babu ɗankwali. Na so in yanke wurin kiran sallar in raba su, amma zaren baƙi ne daga farko har ƙarshe, ba a gane inda Barau ya tsaya ladan ya fara. Na tambayi limamin unguwarmu, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ya akhi, ɗan'uwana, kaset ne. Ka je ka kula da mahaifiyarka."

Don haka za a naɗe shi a ƙyallen da ya rage daga shagon Baba, a haƙa masa rami a tsakanin baƙaƙen duwatsu a bayan unguwa, ranar Juma'a bayan la'asar. Ba za a yi masa salla ba, ba za a sa alama ba. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gida, a tsaye. Muna roƙon masu zuwa su rage murya, kuma duk wanda ya shiga gaishe da Inna, in ta tambaye shi, ya ce ya ga Barau a hanyar Khaibar, yana nan tafe.