Riƙon Jaririn Zainab

Da ƙawata Zainab za ta fara jarrabawa, sai ta ba ni wayarta, ta kuma ba ni riƙon jaririnta na cikin wasan nan da ake gina gida a tara iyali. Na bugi ƙirji na ce, "Ni da na goyi ƙanne? Sai kin tarar da shi da kumatu!"

Sai na shagala da yi wa falonta fenti. Yaro yana ta tsala kukan yunwa, na kashe sauti. Kafin in ankara, hukumar cikin wasan ta zo ta ɗauke shi.

Zainab ta shimfiɗa tabarma a gidanmu, wai karɓar gaisuwa. Har yau in na miƙa hannu ga jariri a gidan suna, sai Goggo ta ce, "A'a, uwar riƙo, ungo jakata dai."