Ruwan Legas Ba Ya Jiran Damina

Shekarar da aka canja takardun naira, ina ajin yaƙi da jahilci a Bungudu, ɗana Bello ya kira mu Legas don mu nema masa aure. Yana tuƙa jirgin ruwa mai kai kaya tsibirai. Ni da uwarsa Hajara da ƙannensa biyu, a jirgin muke girki, a nan muke kwana. Kowa ya yi amai ban da ni, kuma duk tashar da muka tsaya, ni ke karanta musu sunan garin a allo.

Da muka sauka tsibirin da iyayen budurwarsa suke, na jera kayanmu a kan yashi, har da kilishin gaisuwa, don mu fara yin Azahar.

Bello ya ce, "Baba, a kai su tudu, ruwa zai taso."

Na dubi sama, ko gajimare babu. Na ce, "Tun ba a haife ka ba nake ƙetare gulbin Bungudu. Ruwa ba ya tasowa da rani."

Muna idar da salla Hajara ta ce, "Malam, wancan mai tafiya ba takalminka ba ne?"

Shi ne kuwa, ruwan teku ya taso ya kwashe kayanmu. Haka muka shiga gidan surukai, hannu wofi, ƙafa wofi.

An yi auren, amma har yau surukan in sun kira waya sai sun ce a gaida Sarkin Ruwa. Abin da ya tafi: takalma ƙafa biyar, ƙunshin kilishi, buta, da hulata ta Juma'a. Amai dai ban yi ba.