Kilishi a Bakin Kifi

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da bakina ya kai ni bakin ruwa a birnin Guangzhou na ƙasar Sin ba.

Mista Lin, wanda nake sarin riguna a shagonsa a kasuwar Shahe, mayen kamun kifi ne. Wayarsa cike take da hotunan kifaye. Ni kuma don in burge shi sai na ce masa ni Bayawuri ne, jikan masunta, mu da kifi gaisawa muke yi. (Kakan nawa masunci ne da gaske. Ni dai a Kaduna na tashi, kuma kifin da na fi sani shi ne na gwangwani.)

Abokina Alhaji Sani, Bakanon da ke yi mana tafinta, ya dube ni ya ce, "Malam, in fassara duka?"

Na ce, "Fassara, har da ƙari."

Ranar Asabar Mista Lin ya kwashe mu zuwa wani tafki a bayan gari, wuri shiru, ruwa kwance luf. Ya miƙo min sanda siririya da ƙugiyar da aka ɗaure wa gashin tsuntsu ta yi kamar ƙwaro. Haka ake yaudarar wani kifi mai faɗin baki da suke kira bas. Na tambayi tana. Ya ce, "Meyo," wato babu. Dokar wurin ke nan: gashi kawai, kuma in ka kama sai ka saki.

Shi yana kaɗa zarensa a iska a natse, ya sauke shi kan ruwa a hankali. Nawa zaren ya kama ciyawa, ya kama reshe, sau ɗaya ma ya cire hular Alhaji Sani. Awa biyu, Mista Lin ya kama huɗu, jikan masunta ko ɗaya. Kunya ta ishe ni. Na ce a raina, wane kifi ne mai hankali zai ci gashi?

Akwai guzurin kilishi a aljihuna. Na juya musu baya, na ɓallo ɗan kaɗan na soka a ƙugiyar.

Ko minti biyar ba a yi ba sandar ta lanƙwashe. Na jawo ƙaton kifi, har na fara tafiyar ƙasaita. Mista Lin ya taho da murna, ya kunna bidiyo don abokansa su ga gwanin Afirka, ya buɗe bakin kifin zai zare ƙugiya. Sai ga kilishi, ja wur, da yajinsa.

Ya ciro shi, ya shinshina, ya yi wata gajeriyar magana. Alhaji Sani ya gyara hula ya ce, "Malam, wai tambaya yake, wannan wane tsuntsu ne a ƙasarku?"

Na rasa inda zan sa fuskata. Da ya yi faɗa ma da na fi samun sauƙi. Amma sai ya saki kifin a hankali, ya zo bayana ya riƙe hannuna, ya shiga koya min jifan ƙugiya tun daga farko, kamar ɗan aji ɗaya.

Har yau in na shiga shagonsa yakan tambayi lafiyar kakana, sannan ya miƙo hannu a ba shi kilishi. Tun daga ranar, in zan yi alfahari da gado, sai na fara tabbatarwa babu tafki a kusa.